Tambarin da Baba Ya Kankare

3 ga wata

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da matan ƙungiyarku ta masu sabulu gaba ɗaya. Ya aiki, ya zafin tukunya?

Gwaggo, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, don na san ki da tsalle. Matar nan mai kantuna a ƙasar waje ta amince! Ta ce ta gwada sabulun da muka aika mata, ita da ma'aikatanta, kuma tana son kwali ɗari huɗu da tamanin a karon farko. Da na karanta saƙon a ofis sai da na saki ihu, har shugabanmu ya leƙo yana tambaya ko gobara ce. Shekara shida ina nuna wa manyan kamfanoni yadda za su fitar da kaya ba tare da kwastam ta riƙe su ba, amma ban taɓa murna da wata takarda kamar wannan ba.

Sai dai akwai sharaɗi. Sabon kanti za ta buɗe, don haka dole kayan su bi jirgin ruwan da zai tashi ran ashirin da bakwai. Kafin nan dole su shiga tashar jiragen ruwa ran ashirin da huɗu. In muka rasa wannan jirgi, na gaba sai bayan mako biyar, kuma ta faɗa min ba ɓoye-ɓoye cewa ba za ta buɗe kanti babu kaya ba, wasu za ta ba gurbin.

Na haɗo miki da shafi takwas na ƙa'idoji. Zan kira ki a waya, amma a aikinmu abin da ba a rubuta ba kamar ba a faɗa ba ne, ke kuma kina jin rabin magana za ki ce kin gane. Don Allah ki kula da shafi na uku. A jikin kwali a rubuta nauyi da abubuwan da aka haɗa, shi ke nan. Ban da “yana maganin ƙuraje da ƙyasfi da ciwon baya”. Kina rubuta haka sabulu ya tashi daga sabulu ya koma magani a idon doka, takardun magani kuwa sai mu shekara muna bi.

Jibi mota za ta kawo falet goma sha biyu, wato gadajen katakon nan da ake jera kwalaye a kai don motar ɗaga kaya ta ɗauka. Da ƙyar na same su. A ajiye su a shagon Baba, tunda shi ke da fili da rufi. Ki gaya masa da ƙarfi, ta kunnen dama, kin san injin yankan katako ya gama da na hagu.

A gaida Mama da kowa da kowa. Na bar ki lafiya.

’Yarki.

9 ga wata

Zuwa ga ’Yar Doka,

Wa'alaikumus salam. Gaisuwa da fatan alheri. Kin ce in zauna, na zauna, amma kujerar ba ta riƙe ni ba. Da takardar a hannu na fita ba ko mayafi, sai da maƙwabciya ta biyo ni da shi. Mata ashirin da biyu, kowace ta karɓi takardar ta duba, har waɗanda ba su iya karatu ba. Ai ta tsufa a rana ɗaya.

Shafi takwas ɗinki kuwa, Allah Ya saka. Ke yanzu sabulun da ya raba ni da ƙyasfin shekara goma ne za ki ce kar a faɗa? To na ji, na bi. Doka ce ta ce a ɓoye alheri, ba ni ba. Mun auna kowane sabulu a sikeli kamar masu sayar da zinariya. Wanda ya gaza ko da ƙiris mun ware shi, yanzu duk unguwa wanka ake sau uku a rana.

Mun cika kwali ɗari uku da goma, saura suna shanya. Kar ki ji komai, kafin ranar za mu gama har mu huta.

Gadajenki sun iso. Na sa an kai shagon Yaya kamar yadda kika ce. Ya zagaya su sau biyu hannu a baya, ya ja tsaki. Yau kwana uku ke nan yana rufe ƙofar shago, ba ka jin komai sai ƙarar aiki. Na leƙa ya kore ni, wai in jira in ga abin mamaki. Mamanki ta ce rabon da ta gan shi da irin wannan fara'a tun ranar da kika gama jami'a, har waƙa yake yi a banɗaki.

Ki riƙa cin abinci, na ji muryarki a waya kamar ta mai azumi. Sai na ji daga gare ki.

Gwaggonki.

12 ga wata

Zuwa ga ’yata, Uwata,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Mamanki tana gaishe ki. Na rubuto ne saboda waya ba ta yi min, in kin yi magana sai in ji kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

Na yi farin ciki da abin da kika yi wa gwaggonki. Allah Ya yi miki albarka. Amma akwai gyara, kuma na riga na yi shi.

Waɗannan gadajen kaya da kika aiko, ban san wanda ya haɗa su ba, amma ko waye bai taɓa zama gaban malamin sana'a ba. Katako ba gogewa, ƙusoshi sun leƙo, ina taɓa na farko sartse ya shige min yatsa. Ga wani baƙin zane da lambobi da aka ƙona a gefen kowanne, sai ka ce shaidar da ake yi wa dabba. Na ce a raina, shekara arba'in da ɗaya ina kafinta a garin nan, a ce kayan ƙanwata za su je ƙasar mutane a kan wannan abin kunya, kuma daga shagona aka ɗauke su? Ba da ni ba.

Saboda haka na mayar da ƙusoshi, na kankare kowane gefe har baƙin zanen nan ya fita tas, na bi da samfefa. Akwai allo biyar da ban yarda da ƙarfinsu ba, na cire na sa nawa, daga katakon nan da na ajiye shekara tara ina jiran aikin da ya cancance shi. Sannan na shafa musu man ƙyalli hawa biyu. Yanzu in kin tsaya a kansu za ki ga fuskarki. Mamanki har ta ce a bar mata ɗaya ta sa a falo, na ce ba nawa ba ne.

Ba na son godiya. Ke kin yi naki na takarda, ni na yi nawa na hannu. Allah Ya kai kaya lafiya.

Mahaifinki.

14 ga wata

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaisuwa, ina gaida Mama.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, takardarka ta same ni a tsaye, na ƙarasa ta a zaune a ƙasa. Sau uku na karanta ko zan ga inda ka ce wasa kake yi.

Baƙin zanen nan da ka kankare, shi ne falet ɗin. Katakon banza ne in babu shi. Tambari ne da ke shaida cewa an saka katakon a ɗakin gashi, zafi ya ratsa har cikinsa, duk wani ƙwaro da ƙwansa ya mutu. Ƙasashe suna tsoron ƙwaron katako ya shigo musu a jikin kaya ya cinye musu dazuzzuka, don haka duk katakon da ba shi da wannan tambari ba ya shiga jirgi. In ma ya kuɓuce ya shiga, a can za a juyo da shi, ko a ƙone shi. Allo biyar ɗin da ka sa kuwa ba su taɓa ganin ɗakin gashi ba, komai kyansu.

Tun safe nake kan waya. Kamfanin da ke gasa katako sun ce layinsu mako uku ne, ko sabo kake so ko naka za ka kawo a sake gasawa. Na roƙa har muryata ta dushe. Akwai falet na roba, amma matar ta rubuta a yarjejeniya ƙarara cewa ba ta karɓar roba, don kantinta na kayan da ba sa gurɓata ƙasa ne. Saura kwana goma, kuma a yanzu da nake rubutu ba ni da abin da zan ɗora sabulun Gwaggo a kai.

Da ka tambaye ni, Baba. Layi ɗaya kawai da ka rubuto kafin ka taɓa su. Wannan ba aikin kafinta ba ne.

Zan ci gaba da nema. A sa mu a addu'a.

’Yarka.

16 ga wata

Ke ’Yar Doka,

Na amsa sallamar da ba ki yi min ba. Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake.

“Wannan ba aikin kafinta ba ne.” Wa kika rubuta wa haka? Mutumin da ya sayar da injinsa na biyu ya kai ki makaranta? Tun da ya karanta takardar nan ya ninke ta ya sa a aljihu. Shago a rufe. Jiya na same shi zaune a kan ɗaya daga cikin gadajen yana shafa shi da tafin hannu. Na ce Yaya ka ci abinci, ya ce ya kashe wa mata ashirin da biyu aikin wata shida, da wane baki zai ci. Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Kuma bari in tambaye ki. Na sake karanta shafi takwas ɗinki daga farko har ƙarshe, har da ƙananan rubutun ƙasa. Kin faɗi faɗin kwali, kin faɗi irin gam ɗin liƙewa, kin faɗi inda za a sa kibiya. A ina kika ce kar a taɓa baƙin zane? Nuna min layin.

To, faɗa ya ƙare, ga shawara. Ranar da gadajen suka iso na ɗauke su hoto a waya don in nuna wa mata, kuma tambarin ya fito raɗau, har lambobin. Akwai mai rubuta allunan shaguna a bayan layinmu, na nuna masa, ya ce kafin la'asar zai ƙera ƙarfen, a sa a wuta a manna. Ki duba fa, ba ƙarya za mu yi ba. Katakon nan an gasa shi ko ba a gasa ba? An gasa. Abin da ya goge za mu mayar. Allo biyar ɗin Yaya kuwa, shekara tara suna rataye a rana, wane ƙwaro ne zai rayu a ciki?

Na gaya wa Yaya. Ya ce a tambayi mai doka. To ga shi na tambaye ki. Ki amsa da wuri, direban safe zai jira amsarki.

Gwaggonki, wadda har yanzu take fushi.

17 ga wata

Zuwa ga Baba da Gwaggo, a karanta tare,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa.

Baba, ka yafe min. Gwaggo ta yi gaskiya, na duba shafukan nan takwas, babu inda na ambaci tambari. A ofishinmu ko mai shara ya san ba a taɓa shi, shi ya sa na manta cewa akwai duniyar da ba a sani ba. Laifina ne, kuma na ɗora maka shi don tsoro ya kama ni. Maganar da na rubuta ta ƙarshe kuwa, kunyarta nake ji har yanzu.

Gwaggo, batun mai rubuta alluna, a'a. Ko da jirgin zai tafi ya bar mu, a'a. Lambar da ke jikin tambarin nan ta kamfanin gashi ce, su kaɗai ke da izinin buga ta. In muka buga da kanmu mun yi jabu, ko da katakon ya gasu har ya ƙone. Ranar da aka gane, sunan ƙungiyarku zai shiga jerin waɗanda ba a ƙara karɓar kayansu, ni kuma in ajiye aikin, don duk abin da nake da shi a wannan sana'a shi ne in na sa hannu a takarda jami'i ya yarda. Kuma Baba ya fi ni sanin cewa ƙwaro yana iya shekaru a cikin katako ba a gan shi ba.

Yanzu ku saurara, don akwai hanya. Jiya na ɗauko littafin dokar gaba ɗaya na bi shi layi-layi, ba iya shafin da muka saba buɗewa ba. Dokar ta ɗanyen katako ce kawai, wanda aka yanko daga itace aka tsaga. Katakon da aka sarrafa a masana'anta da gam da zafi da matsi, irin filawud, ba ya bukatar tambari ko kaɗan, domin babu ƙwaron da ke tsira daga wannan aiki. Na rubuta wa ofishin duba kaya na tasha, na rubuta wa wakilin matar a can, duka sun amsa min a rubuce cewa haka ne.

Matsalar ita ce babu mai sayar da falet na filawud a kusa. Sai dai a ƙera. Goma sha biyu, kowanne ya ɗauki kwali arba'in, a gama kafin ran ashirin da uku. Na tambayi kafintoci biyu a nan, sun ce ba zai yiwu ba.

Baba, ga awo na haɗo. Sama filawud, ƙasa filawud, ƙafafu ma filawud ne za a yanka a jera a manne har su yi kauri. Kar ɗanyen katako ya shiga ko kamar yatsa. Ban da man ƙyalli, ban da fenti, ban da rufe gefe. A bar gefen a buɗe yadda kowa zai ga hawa-hawan da idonsa. Na san ba za su yi kyau ba. Amma wannan karon aikin kafinta ne, kuma ban san wani da zai iya ba in ba kai ba.

Ina jiran amsarku. Allah Ya bar mu tare.

’Yarku.

22 ga wata

Zuwa ga ’Yar Doka ta gwaggonta,

Sallama da gaisuwa, fushi ya wuce. Hannuna duk gam ne, in kin ga takardar ta manne ki yi haƙuri.

Kai, yarinyar nan, kin san inda kika taɓo? Filawud! Mutumin da ya kori mai gidan sama daga shagonsa don ya ce a yi masa kabad da filawud? Da na zo wurin a karatu sai ya ce in maimaita. Na maimaita a kunnen dama. Ya ce, “Katakon ƙarya?” Na ce shi fa. Ya ce, “Ba mai, ba fenti?” Na ce haka mai doka ta ce. Ya tashi ya fita tsakar gida, ya tsaya yana kallon sama, ni da mamanki muna leƙensa ta taga. Can sai ya dawo ya ce, “Karanto min layin ƙarshen nan.” Na karanta masa inda kika ce ba ki san wani da zai iya ba. Ya ce to a kawo masa abinci.

Kafin azahar ya sa an sauke filawud cike da mota. Mai sayarwa ya rantse sai ya ɗauke shi hoto, don ba wanda zai yarda in ya ba da labari.

Matsalar da aka samu ita ce ƙafafu. Kowace ƙafa sai an manna yanka shida, kowane gado ƙafa tara, ƙarfen matsinsa kuwa guda huɗu ne kacal. Ya lissafa ya ce a haka sai mako biyu. Na ce me ƙarfen yake yi? Ya ce danna katako yake har gam ya kama. Na ce Yaya, in dai dannawa ce, ai Allah Ya hore mana. Na aika aka kira mata.

Da kin ga shagon babanki! Ya jera ƙafafun a ƙasa, ya ɗora allo a kai, mata suka hau suka zauna. Ashirin da biyu, kowace da tsarin zamanta. Shi kuma yana zagayawa da agogo a hannu yana cewa kar wadda ta motsa. Ma'ajiyarmu, kin san ta da jiki masha Allah, ita ya ɗora a kan waɗanda suka fi taurin kai, ya ce ita kaɗai ta fi ƙarfensa huɗu. Ta ce rabon da a yaba mata ƙiba tun tana amarya. Muka yi ta dariya yana tsawa, wai dariya tana girgiza gam. A nan zaune muka naɗe sauran sabulun, muka liƙe kwalaye, muka yi gulmar duk wanda ya wuce.

Kwana huɗu muka yi a haka. Yau da hantsi aka gama na goma sha biyu. Ya sa mu takwas muka hau guda ɗaya muka yi tsalle, ko ƙara bai yi ba. Munana ne kam, ba zan ɓoye miki ba. Sau biyu na kama shi ya ɗauko samfefa, na ce Yaya! Ya ajiye yana ƙunƙuni.

An jera kwalaye ɗari huɗu da tamanin cif, an ɗaure. Gobe da safe mota za ta taso. Kuma ki shirya, don ya ce ƙafarsa ƙafar kayan nan. Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa, na ce tasha za ka ko gini, ya ce ba ruwana.

Allah Ya sa a dace. Ki kula min da shi.

Gwaggonki.

24 ga wata

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan sallama, ina fatan kuna lafiya ke da mutanen gida da matan ƙungiya. Mun sauka lafiya. Uwata ta ce ta gaya miki sakamako a waya, amma na san ba za ta faɗa miki yadda aka yi ba, don haka ga shi.

Wurin nan babba ne, kwantenoni jere bisa jere har ido ya gaji. Aka kai mu wata doguwar rumfa mai rufin kwano inda ake duba kaya. Jami'in da ya zo dattijo ne mai gilashi, fuskarsa ba alamar wasa. Ya zagaya gadajen da tocila, ya duƙa, ya tashi, ya ce, “Ina tambari?” Yadda ya faɗa ko kunnena na hagu sai da ya ji. Na juya na dubi Uwata.

Ita kuwa ko gezau. Ta gaishe shi, ta buɗe jakarta, ta fito da littafi ta buɗe daidai shafin, ta fito da amsar ofishinsu da hatiminsu a kai. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi roƙo ba, ba ta kira sunan wani babba ba. Na tsaya ina kallonta ina cewa a raina, wai wannan ce yarinyar da take tsoron kaza.

Ya karanta ya gyaɗa kai. Sannan ya ƙwanƙwasa ƙafar gado ɗaya ya ce, “Waje filawud ne, na gani. Ciki fa? Na sha ganin an lulluɓe ɗanyen katako da filawud.” Ta ce duka filawud ne har ciki. Ya ce ita ta haɗa? Ta ce a'a, ga wanda ya haɗa. Ya dube ni, ya ce in haka ne sai an kai ɗaya ɗakin bincike, kwana uku a samu amsa. Kwana uku kuwa kin san jirgi ya tafi.

Na ce Uwata ta maimaita min abin da ya ce. Da na gane, sai na ce, “Ranka ya daɗe, zaɓi wanda ka ga dama.” Ya zaɓi na bakwai, ƙafar tsakiya. Aka sauke kwalaye arba'in. Na buɗe akwatina na ɗauko zarto, na kifa gadon, na raba ƙafar gida biyu a gabansa. Ban taɓa sa zarto a aikin da na gama ba sai yau. Na miƙa masa rabi. Ya cire gilashi, ya kai kusa da ido, ya bi hawa-hawan da farce tun daga sama har ƙasa. Ya nemi inda gam ya bar kafa bai samu ba. Ya ce da wane inji na matse su. Na ce inji ne mai kai ashirin da biyu, ba a samunsa a kasuwa.

Uwata ta bayyana masa, mutumin nan ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya sa hannu a takarda, ya buga hatimi, ya ce a bar masa rabin ƙafar zai ajiye a teburinsa don ya riƙa nuna wa masu kawo masa aikin ha'inci. Da ma na taho da ƙafa uku na ko-ta-kwana, cikin minti ashirin na ɗaura wata, aka mayar da kwalaye. Da idona na ga an shigar da su kwantena an rufe, an sa kwaɗo mai lamba.

Uwata ta ce in koma gida gobe in huta. Na ce sai na ga tashin jirgi. Ki gaya wa matan ina gaishe su, musamman ma'ajiya, ƙafar da aka yanka tata ce, kuma ta fita kunya.

Yayanki.

27 ga wata

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Jirgi ya tashi yau da hantsi, sabulunki na ciki.

Mun tsaya ni da Baba a bakin katangar tasha. Ya ce in nuna masa namu a cikin kwantenonin nan dubu, na ce wallahi ban san wanne ba ne, ya ce to zai ɗaga wa dukansu hannu. Haka ya yi ta ɗagawa har jirgin ya ƙanƙance.

Sai ya ce, “Shekara arba'in da ɗaya ina gyara katako, aikin da ya fi kowanne muni shi ne ya fara tsallaka teku.” Ya yi dariya har hawaye. Da ya tsagaita ya juyo ya dafa kaina, ya ce, “Kin iya aikinki, Uwata.”

Gwaggo, ni kuka na yi, a gaban masu gadi da kowa, kuma ban ji kunya ba.

Gobe zai taho da motar safe. A gaida Mama, a gaida mata ashirin da biyu.

’Yarki.